Tasbihi a Kan Jirgin Siminti

Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Hoton da kuke ta miƙa wa juna, na mata kwance a kan ruwa kifaye na kai da kawowa a ƙarƙashinsu, ina wurin aka ɗauke shi, amma ba za ku gan ni a ciki ba. Ina can gefe riƙe da igiya, ina kallon ƙeyar kowacce. Kun hawo mini bene har nan Hadayek el-Ma'adi, unguwarmu ta Alkahira, kuna cewa, “Inna Hauwa, ki ɗauke mu aiki, ai mun iya iyo.” Madalla. Agwagwa ma ta iya iyo, amma ban taɓa jin an ba ta amanar matan mutane ba. Ku zauna ku ji yadda sana'ar take, in kun ji kuna so, sai mu yi magana.

A Bur Sudan aka haife ni. Kakanninmu Hausawa ne da suka taso daga ƙasar Katsina za su aikin hajji a ƙafa, guzuri ya ƙare musu a bakin teku, suka yada zango, zangon ya zama gida. Babana kankare gindin jiragen ruwa yake yi a tasha, kuma Allah bai ba shi ɗa namiji ba, sai ya huce a kaina: tun ban iya ɗaura zani ba ya jefa ni ruwa. Da na girma na zo Alkahira, aikatau na samu a wani gida a Mohandessin, unguwar masu hali, shara da wanke-wanke da goge tayil. Wata bazara masu gidan suka tafi hutu bakin Bahar Maliya, suka ɗauke ni don in riƙe musu tawul. Muna cikin kwalekwalen haya mai inji sai awarwaron uwar ɗakina ya suɓuce ya faɗa ruwa. Kafin ta gama ihu na bi shi da kayan jikina, na fito da shi a hannu. Mai kwalekwalen, wani busasshen dattijo da ake kira Rayyis Salama, ya dube ni ya ce, “Ya binti, 'yata, wa ya koya miki wannan?” Na ce babana. Ya ce ranar da na gaji da goge tayil, in zo.

Da na je, aikin farko da ya ba ni wanke tabarau ne. Tabarau na ruwa nake nufi, mai rufe ido da hanci, tare da bututun da ake cizawa a baki a riƙa shaƙar iska ta sama alhali fuska na cikin ruwa. Bazara guda cur ban shiga ruwa da baƙo ko ɗaya ba. In ɗauraye da ruwan daɗi, in shanya a inuwa don rana na cin roba, in leƙa cikin kowane bututu kada yashi ya maƙale. Sabon gilashi sai an goge shi da man goge baki, in ba haka ba hazo zai rufe shi kamar tagar banɗaki. Masunta tofa yawu suke yi a ciki su murza, magana ta ƙare. Su kuwa matan birni in kin yi haka a gabansu sai su nemi yin amai, don haka ɗigon sabulun wankan jarirai nake sa musu. Har yau ni da kaina nake zuwa kasuwar Ataba sayen kaya. Mai shago zai rantse miki da kabarin uwarsa cewa daga Turai aka kawo, kada ki saurare shi. Ki ɗora tabarau a fuskarki ba tare da kin ɗaura madauri ba, ki ja iska ta hanci. In ya manne, naki ne. In ya faɗo, ko kuma robar na warin silifas ɗin wanka, ki ajiye masa abinsa ki yi gaba.

Wurin da muke kai mutane wani tsohon jirgi ne da ya nutse kusa da gaɓa tun ba a haife ku ba. Masunta na ce masa jirgin siminti, don buhunan simintin da ya ɗauko suna nan jere a cikinsa, sun zama duwatsu, kowane da siffarsa ta buhu. A kishingiɗe yake. Goshinsa na sama sosai, in ruwa ya janye har ki taɓa shi da ƙafa. Gindinsa kuwa ya yi ƙasa, zurfin ya fi tsayin ɗakin nan. Murjani ya lulluɓe ƙarfen, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar farin kabeji, wani kuma ruwan ƙasa-ƙasa mai farin baki, wanda in ya shafi fatarki za ki rantse garwashi ne. Ƙananan kifaye ruwan lemo suna tashi a kan goshin kamar an watsa gero. Akwai kifin aku, shuɗi da kore, da kike jin ƙarar haƙoransa ƙurus-ƙurus yana gurgurar dutse. A ƙarƙashin matakala akwai mai ƙaya da Masarawa ke kira zakaran teku, yana shawagi da taƙama don ya san ba mai taɓa shi ya kwana lafiya. Cikin wata taga kuma wani kifi mai kama da mesa ya yi gida, kullum baki buɗe, kamar tsohon da aka hana magana.

Duk wannan da na lissafa muku, da sassafe nake ganinsa, sa'ad da nake shiga ni kaɗai in duba inda ruwa ke ja. Da baƙi sun shiga, na gama kallon kifi. Wannan ce dokar Rayyis ta farko: jagora ba ya kallon abin da ya kawo mutane kallo. Idona na kan kafaɗu da ƙafafu, kunnena na kan bututu. Kowane mutum da irin sautin numfashinsa. Mai natsuwa bututunsa na fitar da iska a hankali kamar mai barci. Wanda tsoro ya fara kamawa za ki ji nasa ya koma gajere-gajere tun shi kansa bai san ya tsorata ba. A nan za ki tura masa tayar ceto ya riƙe, ba sai ya nema ba. Shekaru na yi ina wannan aiki da Turawa da 'yan ofisoshin Mohandessin, har na ɗauka ba abin da ya rage mini in koya. Ashe hangen Dala nake yi.

Shekarar annoba ce ta karya mu. Aka ɗaure kwalekwale, aka rufe gaɓa. Na dawo Alkahira neman aikatau, gidajen ma ba sa barin baƙo ya shiga. Na zauna a ɗakin nan ina barbaɗa wa robobin tabarau hoda kada su narke su manne, ina toya kisira, wainar Sudan, ina sayar wa maƙwabta. Da aka buɗe, baƙin waje ba su dawo ba. Rayyis ya kira ni ya ce zai cire kujeru ya mayar da kwalekwalen na kamun kifi. Ni kuwa na san ma'anar wannan: guga da tsumma har ƙarshen rayuwata. Gwiwoyina sun riga sun gaya mini ba za su ƙara durƙusa wa tayil ɗin kowa ba.

Sai na ce masa ya ba ni Talata. Rana ɗaya a mako, mata zalla. Akwai matanmu birjik a Alkahira, na Sudan da matan ɗaliban Najeriya, da suka yi shekara da shekaru a Masar ba su taɓa tsoma ƙafa a teku ba, don ba za su shiga ruwa a gaban maza ba. Ya yarda, amma ya gindaya sharaɗi. Shi zai zauna a ɗakin tuƙi ya ba mu baya, matarsa ce za ta tsaya a matakala. Kuma kada jinin kowa ya zuba, don masu tsaron gaɓa ba sa wasa da takardar izini.

Nan na shiga sabuwar makaranta. Mace mai hijabi ba ta sa tabarau yadda Baturiya ke sawa: in gefen ƙyallen ya shiga ƙarƙashin roba ko da faɗin farce ne, ruwa zai bi ta nan ya cika mata hanci. Matan Sudan kuma ba sa fita sai sun sha mai a fuska, roba ba ta kama fata mai santsi, sai na bi kowacce da tsumma ina goge ta tana harara ta. Doguwar riga kuwa kumbura take yi a ruwa ta naɗe ƙafafu. Na sayo yadi a Ataba na ɗinka wando mai tsuke idon sawu, da riga mai maɓallin da ke kama wandon kada ta tashi, da hula mai rufe wuya wadda ke tsayawa bayan layin roba. Na ɗauka na toshe kowace kafa.

Fitarmu ta farko, wadda ta tara mini matan ita ce Malama Rabi, 'yar Zariya, mai koyar da mata Alƙur'ani a unguwar nan, mijinta na karatun digiri na uku. Mace ce mai jiki da kwarjini, in ta ce a tafi, mazan ma ba sa musu. Muka kama hanya bayan asuba, kafin hantsi ya yi zafi muna kan ruwa. Na sa musu rigunan ceto, kowacce ta kama igiya, na ja su a hankali zuwa goshin jirgin. Komai tamam. Bututu na ta numfashi lafiya lau. Sai wani ƙaton kunkurun teku ya fito daga cikin buhunan siminti, faɗin bayansa ya kai faifan tuwon biki, yana kaɗa hannuwa kamar ba shi da gaggawar komai a duniya.

Malama Rabi ta ce, “Subhanallah!”

Da bakinta ta faɗa, da ƙarfi, fuskarta na cikin ruwa. Bututu ya fice, ruwan gishiri ya shige mata har maƙogwaro. Ta ɗago tana tari, ta nemi ƙasa da ƙafa kamar yadda duk mai firgita ke yi, gwiwarta ta sami bakin ƙarfe mai tsatsa. Sauran da suka ji ta sai kowacce ta ɗago da “Innalillahi!”, su ma suka kwankwaɗi rabonsu. Na bi ta baya na rungumo ta, don mai nutsewa ba a tunkarar sa ta gaba, na dunƙule sauran a kan taya, na ja su gaba ɗaya zuwa matakala. Ba wadda ta mutu, alhamdu lillahi. Amma an yi wa Malama ɗinki a gwiwa da allura, masu tsaron gaɓa kuma suka tsare Rayyis da tambayoyi har la'asar.

“Khalas, an gama, ya Hauwa,” in ji Rayyis. “Na shekara arba'in ina kai kafirai da Musulmi kan jirgin nan, ban taɓa ganin wanda kunkuru ya nemi kashewa ba sai mutanenki.”

Gaskiya ya faɗa. Baturiya in ta ga abin mamaki, idonta take zarewa, ta yi nuni da hannu. Mu kuwa tun muna goye aka koya mana cewa abin mamaki ba ya wucewa sai an bi shi da sunan Allah. Ba tsoro ne ya jefa Malama cikin hatsari ba, tarbiyya ce. Wannan kuwa ba a ɗinka masa riga.

Kwana kaɗan bayan haka ta hawo benen nan tana ɗingishi, ta zauna daidai inda kike zaune ke mai jan gyale. Na fara ba ta haƙuri da ma'alish irin ta Masarawa, ta ɗaga mini hannu.

“Hajiya Hauwa, bar ma'alish ɗin nan. Mazan unguwa sun samu abin faɗa, kowa na ce wa matarsa, ai ga shi nan, dama mun faɗa. Ni na rufe ƙofar nan da bakina, ni zan buɗe ta. Kuma ban gama kallon halittar nan ba.”

Muka kira Rayyis a waya. Ya ƙi, ya ƙi, matarsa ta sa baki daga gefe, sannan ya sauko. Ya ce sau ɗaya tak. Matar da ta ji ciwon ita za ta dawo, ta ratsa jirgin daga goshi har gindi ba ta ɗago kai ba. Shi ba zai juyo ba, amma kunnensa ƙalau yake: in ya ji tari ɗaya ko ihu ɗaya, a ranar zai cire kujeru.

Kun ga bahon wankin can na bayan ƙofa? Shi ne tekunmu har gwiwar Malama ta warke. In cika shi da ruwa, in zuba gishiri don kada a sha da daɗi, mace ta durƙusa da tabarau da bututu ta tsoma fuska, kunnuwanta a waje. Ni kuma in zauna a gefe in fara kawo labari. “Kun ji matar mai gidan bene na uku ta haifi 'yan uku?” Sai ki ji ɓulɓul, an ce Masha Allah a cikin baho. “Kun ji an ƙara kuɗin haya?” Ɓulɓul, an yi Innalillahi. Wani lokaci in saki cokali a ruwan ba zato, ko in nutsa hoton kunkuru a cikin leda. Mun sha dariya har maƙwabta na buga bango, amma ni cikina ba dariya, don na san abin da ke rataye a kan bahon nan.

Malama ce ta fi kowa faɗuwa. Bakin da ya shekara talatin yana tasbihi ba ya koyon shiru a mako guda. Ran nan ta ɗago fuska tana zubar da ruwa, ranta a ɓace, ta ce, “Yanzu fisabilillahi in ga ikon Allah in yi gum kamar dutse? Wannan ai rashin kunya ne.” Na ce ni dai ban yi karatu ba, abin da na sani shi ne huhu ba ya karɓar ruwa ko da niyya mai kyau aka sha shi. Ta zuba wa bahon ido. Can ta ce, “To ai a tahiya ma yatsa ke shaida. Zuciya ta faɗa, yatsa ya ɗaga, baki ya jira lokacinsa.” Ita ta kawo wannan, ba ni ba. Daga ranar, duk labarin da na jefa, sai in ga manuniya ta tashi daga gefen baho, bututu na ci gaba da aikinsa.

Ranar komawa ruwa na ɗan ja ta arewa, ban so haka ba, amma ba mu da wata Talatar. Na goge fuskar kowacce, na bi gefen kowace hula da yatsa, na sa Malama a kan igiya kusa da ni. Rayyis ya shige ɗakin tuƙi ya ba mu baya, ya kashe rediyonsa, abin da bai taɓa yi ba. Muka wuce goshin, inda ƙarfen da ya yanke ta yake. Numfashinta ya gajarta, sannan ya daidaita. Muka wuce buhunan siminti, ba kunkuru. Na ce a raina, Allah Ya sa ya tafi ziyara.

Muna kan gindin jirgin, inda ƙasa ke nisa ruwa ya koma shuɗi sosai, sai na ga inuwa na tasowa. Kunkuru dole ya hau sama shan iska, kuma bai ga inda zai hau ba sai daidai gaban Malama Rabi. Da ta miƙa hannu da ta taɓa shi. Ya fito da kai, ya ja iska da ƙara kamar tsohon da ya hau bene, ya tsaya yana kallon ta ido cikin ido.

Bututunta ya yi tsit.

Na saki igiya na matso bayanta, hannuna na kan wuyan rigar cetonta. Ban taɓa jin tsoro a ruwa irin na wannan lokaci ba, kuma ban ja ta ba, don in na ɗago ta da hannuna, mun faɗi ke nan. Sai hannunta na dama ya fito daga ruwa a hankali, manuniya a miƙe, tana kallon sama. Ta daɗe a haka. Sannan na ji iska ta fita ta bututun, doguwa, wata ta shiga. Na waiga, duk tsawon igiyar yatsu ne a tsaye.

A matakala ta cire bututun, leɓɓanta duk shaidar cizo. Ta dube ni ta ce, “Hajiya Hauwa, an ba ni izini?” Na ce an ba ki. Abin da ta tara tun daga goshin jirgin ta sake shi gaba ɗaya, Subhanallah, Subhanallahil Azim, tana kuka, sauran suka amsa mata, har masuntan da ke nesa suka miƙe suna leƙe. Rayyis bai juyo ba. Daga ɗakin tuƙi muka ji ya amsa tasbihin sau ɗaya, ya yi gyaran murya, ya ce, “Talata mai zuwa ku zo da wuri, ruwa ya fi kwanciya da safe. Yalla, mu tafi.”

Kujerun suna nan har yau. Rayyis ya tsufa, ɗansa ke tuƙi, shi ma ya iya ba da baya. Mijin Malama ya gama karatu sun koma gida, amma duk macen da na kai kan jirgin siminti, da yatsanta take shiga. Ni kuma tun daga ranar ban ƙara goge tayil ɗin kowa ba sai nawa.

To, kun ji. Wadda har yanzu take so, ga baho can, ga gishiri a kan kanta. Ke mai jan gyale, kada ki sunkuyar da kai, na ji ki sarai: da na kai wurin da kunkurun ya fito da kai, kin ce Subhanallah. Ke za ki fara.